BABI NA UKU: KHWAJA AHMAD ABBAS DA RUBUTUN FIM A INDIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda finafinan Indiya suka shigo ƙasar Hausa ta hannun Kwarori masu gidajen silima tun daga shekarun 1950, da kuma irin karɓuwar da suka samu a birane kamar Kano da Zariya da Jos. Abin da ba a taɓo ba a can shi ne mutanen da suke zama su rubuta waɗannan finafinai. Bahaushe mai kallo ya san jarumi da jaruma, ya san mugu, har laƙabi yakan sa musu. Amma da wuya a sami wanda zai iya faɗin sunan wanda ya ƙago labarin. Mai wannan bincike ya taɓa tambayar wani kawunsa da ya sha kallon Raj Kapoor a ƙuruciyarsa ko wa ya rubuta Awaara, sai ya amsa da cewa ai Raj Kapoor ɗin ne, wa kuma zai rubuta masa?

Wannan babi zai duba rayuwa da ayyukan mutumin da ya rubuta wancan fim, wato Khwaja Ahmad Abbas, wanda aka fi sani da K. A. Abbas. Za a fi ba da ƙarfi a kan jigon Awaara, domin a nan ne gwanintarsa da rauninsa suka fi fitowa fili.

3.1 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Abbas ranar 7 ga Yuni, 1914 a garin Panipat, arewa da birnin Delhi, a lokacin Indiya tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Ya fito daga gidan malamai Musulmi, zuriyar Altaf Hussain Hali, shahararren marubucin waƙa cikin harshen Urdu, wanda ya rasu a ƙarshen shekarar da aka haifi Abbas. Ya yi karatu a Jami'ar Musulmi ta Aligarh, inda ya sami digiri na farko a 1933, sannan ya sami digirin lauya a 1935. Bai kama aikin lauya ba. A wannan shekara ya tafi Bombay, wadda a yanzu ake kira Mumbai, ya shiga aikin jarida a Bombay Chronicle.

A wannan jarida ne aka ba shi shafin sharhin finafinai, kuma daga sharhi ya faɗa cikin rubutun fim ɗin kansa. Labarinsa na farko da aka mayar fim shi ne Naya Sansar, wanda kamfanin Bombay Talkies ya fitar a 1941, kuma labarin wani ɗan jarida ne. Ma'anar sunan ita ce sabuwar duniya, kuma shi ne sunan da ya sa wa kamfaninsa na shirya finafinai da ya kafa a 1951. Bai taɓa barin aikin jarida ba. Filin da yake rubutawa mai suna Last Page, wanda ya fara a Bombay Chronicle ya ci gaba da shi a jaridar Blitz, ya yi fiye da shekara 40 yana fitowa, har zuwa rasuwarsa ranar 1 ga Yuni, 1987. Ya rubuta littattafai fiye da 70 cikin Urdu da Hindi da Turanci, ciki har da tarihin rayuwarsa da ya fito a 1977.

Abubuwa biyu ne suka fi yin tasiri a kan tunaninsa. Na farko shi ne yunwar da aka yi a yankin Bengal a 1943, wadda ta kashe mutane tsakanin miliyan 2 zuwa 3. A wannan shekara aka kafa ƙungiyar IPTA ta 'yan wasan kwaikwayo masu ra'ayin gurguzu da 'yan mazan jiya ba su so, kuma Abbas yana cikin waɗanda suka kafa ta. Da 'yan wannan ƙungiya ya shirya Dharti Ke Lal a 1946, fim ɗin farko da ya ba da umarni, a kan wani iyalin manoma da yunwa ta kora zuwa Calcutta. Na biyu shi ne raba ƙasar da aka yi a 1947, lokacin da aka yanke Pakistan. Yawancin Musulmin Panipat sun yi ƙaura, amma shi ya zauna a Indiya.

Shekarar 1946 ita ce ta fito da sunansa. Ban da Dharti Ke Lal, a cikinta ne aka fitar da Neecha Nagar na Chetan Anand, wanda Abbas ya tsara labarinsa, kuma yana cikin finafinan da suka raba babbar kyauta a bikin Cannes na farko a Faransa. Haka kuma a cikinta V. Shantaram ya shirya Dr. Kotnis Ki Amar Kahani daga wani littafin Abbas, a kan likitan Indiya da ya je aikin agaji ƙasar Sin ya rasu a can.

3.2 Jigon Awaara

Awaara ya fito a 1951. Abbas ya ƙago labarin tare da abokin aikinsa V. P. Sathe, shi kuma ya rubuta zantukan 'yan wasa. Raj Kapoor ne ya ba da umarni, shi ne kuma babban tauraro.

Babban jigon fim ɗin tambaya ce guda: halin mutum daga jini yake zuwa, ko daga inda ya tashi? Alƙali Raghunath ya yi imani cewa ɗan ɓarawo ɓarawo ne, ɗan mutumin kirki kuma mutumin kirki. Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin shi ma yakan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma har gobe ana binciken asali kafin a ba da aure. A bisa wannan imani ne alƙalin ya ɗaure wani mutum mai suna Jagga ba tare da ƙwaƙƙwarar shaida ba, don kawai ubansa mai laifi ne. Da Jagga ya fito sai ya zama ɗan fashi na gaske, ya sace Leela matar alƙalin. Da ya gane tana da ƙaramin ciki sai ya sake ta bayan 'yan kwanaki ba tare da ya taɓa ta ba, domin ya san abin da tsegumin mutane zai yi ya fi abin da wuƙarsa za ta yi. Haka kuwa aka yi. Alƙali ya kore ta, ta haifi Raj a bakin titi cikin ruwan sama. Daga baya Jagga ya nemo yaron a unguwar talakawa ya koya masa sata, domin ya nuna wa alƙali cewa ɗan alƙali ma yakan zama ɓarawo.

Idan aka duba wannan ƙulli za a ga cewa an gina shi da lissafi, kamar yadda lauya yake gina hujja. Jagga ba kuɗi yake nema ba, ba kuma ran alƙali ba. So yake ya ƙaryata wata magana, kuma ɗan da aka haifa shi ne abin gwajinsa. Wannan ne ya bambanta shi da miyagun finafinan da aka saba gani, waɗanda mugunta kawai aka san su da ita ba tare da dalili ba. Sannan marubucin ya ɗauko tubalin labarin daga abin da mutanen Indiya suka riga suka sani, wato labarin Rama da Sita, inda aka sace matar sarki, ta dawo da tsarkinta, amma maganar jama'a ta sa mijin ya rabu da ita tana da ciki. Bambancin shi ne, a wancan labari ana girmama mijin, a nan kuwa an gurfanar da shi. Musulmi ne ya rubuta, ya ɗauki labarin da Hindu suke girmamawa ya juya shi ya zama tuhuma, kuma jama'a suka karɓa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne shekara 4 kacal bayan rikicin raba ƙasa.

Ta fuskar zubi da tsari, an yi amfani da dabarar waiwaye. Fim ɗin ya buɗe a kotu, ana tuhumar Raj da yunƙurin kashe alƙali Raghunath. Lauyar da take kare shi ita ce Rita, wadda Nargis ta fito a matsayinta, ƙawarsa tun suna makaranta, wadda kuma alƙalin ne ya riƙe ta ya koya mata aikin shari'a. Tambayoyin da take yi wa alƙalin su ne suke buɗe labarin baya. Ke nan tun daga fitowa ta farko wanda ya shigo a matsayin mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma, kuma ɗalibarsa ce take ƙure shi da ilimin da ya ba ta. A nan karatun lauya da Abbas ya yi bai tafi a banza ba. Zaɓen 'yan wasa ma ya ƙara wa abin nauyi, domin Prithviraj Kapoor da ya fito a alƙali shi ne mahaifin Raj Kapoor na haƙiƙa, ƙaninsa Shashi Kapoor kuma shi ya fito a Raj yana yaro.

Wuraren da marubucin ya fi burge mai wannan bincike su ne ƙananan fitowa da suke nuna yadda ake rufe wa mutum ƙofa ɗaya bayan ɗaya. An kori yaron daga makaranta saboda talauci. Satarsa ta farko ta gurasa ce, uwarsa tana kwance ba lafiya. Bayan ya girma ya sake haɗuwa da Rita, ya yi niyyar tuba ya nemi aiki a masana'anta, da aka gane tsohon ɓarawo ne sai aka sallame shi. Sai kuma maganar sarƙar wuya: ya yanke aljihun wani mutum a hanya domin ya sami abin da zai ba Rita ranar bikin haihuwarta, ashe mutumin alƙali ne, sarƙar kuma ita ya saya wa. Kwali babu sarƙa a hannun uba, sarƙa babu kwali a hannun ɗa. Babu wani dogon jawabi da zai bayyana dangantakarsu kamar wannan fitowa guda.

Sai dai akwai wata ɓaraka a cikin ginin, wadda a ganina ta taɓa jigon kansa. Fim ɗin yana so ya tabbatar da cewa muhalli ne yake gina hali, ba jini ba. To amma wa aka ceto a ƙarshe? Raj ne, ɗan alƙali na cikinsa. Duk shekarun da ya yi a hannun Jagga ba su kashe kirkin da yake zuciyarsa ba. Mai kallo da ya shigo silima da ra'ayi irin na alƙalin zai iya fita da ra'ayinsa cif, yana cewa ai dama jinin kirki ne, shi ya sa ya dawo hanya. Shi kuwa Jagga, wanda shi ne ainihin ɗan mai laifi, shi ne kuma wanda aka fara zalunta, babu wanda ya tsaya masa a kotu, babu Rita da za ta ba da tarihinsa. Raj ya kashe shi yana kare uwarsa, labari ya wuce. Da a ce marubucin ya ɗauko ɗan Jagga ya ba alƙali ya rena, ya tashi mutumin kirki, da hujjar ta cika ta ɓangare biyu. Abin da aka yi shi ne rabin gwaji.

Ana iya kare Abbas da cewa Rita ta cike wani gurbi, tun da ita ma ba 'yar alƙalin ba ce, renonsa ne ya mayar da ita lauya. Amma Rita 'yar gidan masu hali ce tun asali, don haka ba ta warware matsalar ba. Kariyar da ta fi ƙarfi ita ce jawabin Raj na ƙarshe a kotu, inda ya kawar da hankalin masu sauraro daga kansa zuwa ga yaran da suke tasowa a bakin kwatar unguwar da ya fito. A nan muryar ɗan jaridar ce take magana. Amma jawabi daban, abin da labari ya aikata daban, kuma mai kallo ya fi riƙe abin da ya gani a kan abin da aka faɗa masa. An yanke wa Raj ɗaurin shekara 3, uban ya rungume shi a kurkuku, Rita ta yi alkawarin jira. Alƙalin da ya kori matarsa, wanda kuma motarsa ce ta buge ta ta mutu, nadama ce kaɗai hukuncinsa.

Duk da haka fim ɗin ya yi tafiyar da finafinan Indiya ba su taɓa yi ba kafinsa. An nuna shi a Tarayyar Sobiyet a 1954 ya sami karɓuwa ƙwarai, haka ma a ƙasar Sin da Turkiyya, inda har aka sake shirya shi da harshensu.

3.3 Shree 420

A 1955 Abbas da Sathe suka sake rubuta wa Raj Kapoor Shree 420. Lambar ta fito ne daga sashe na 420 na kundin hukunta laifuffuka da Turawa suka kafa wa Indiya a 1860, sashen da ya yi magana a kan zamba. Yadda ɗan Nijeriya yake cewa wane ɗan 419 ne, haka mutumin Indiya yake cewa wane 420 ne. Kalmar Shree kuwa ta girmamawa ce. Sunan fim ɗin kamar a ce Mai Girma Ɗan Damfara ke nan. (Abin sha'awa, kundin final kot na Arewacin Nijeriya da ya fara aiki a 1960 an tsara shi ne a kan na Sudan, wanda shi kuma daga wancan na Indiya aka samo shi.)

Labarin wani saurayi ne mai digiri da ya taso daga Allahabad zuwa Bombay neman aiki. Abu na farko da ya yi shi ne jinginar da lambar yabon da aka ba shi saboda gaskiya. Ya sami aikin guga a gidan wanki, daga nan ya faɗa hannun masu caca, har ya zama yaron wani attajiri, Seth Sonachand Dharmanand, wanda ya shirya karɓar rupi 100 daga hannun kowane mai kwana a titi da sunan za a gina masa gida. Sunayen taurarin duk masu ma'ana ne. Malamar makarantar da take son sa da gaskiya sunanta Vidya, wato ilimi. Wadda ta ja shi gidan caca sunanta Maya, wato ruɗi. Sunan attajirin kuwa ya haɗa zinariya da addini. Wannan salo ya sa saƙon ya fito sarai, amma ya rage wa matan rai, domin kowace ta zama alama, ba ta da zaɓin yin abin da ya saɓa wa sunanta. Leela da Rita na Awaara sun fi su zama mutane.

3.4 Finafinan da Ya Shirya da Kansa

Wani abin lura a rayuwar Abbas shi ne, labaran da ya rubuta wa wasu sun cika gidajen silima, waɗanda ya shirya da kansa kuwa yawancinsu kyauta suka ci, ba kasuwa ba. Munna na 1954 ya fito babu waƙa ko ɗaya, a ƙasar da waƙa ce take sayar da fim. Pardesi na 1957 haɗin gwiwa ne da Tarayyar Sobiyet. Shehar Aur Sapna na 1963, labarin wasu masoya da rashin muhalli ya sa suka tare a cikin katon bututun ruwa a Bombay, ya sami kyautar ƙasa ta fim mafi kyau. Saat Hindustani na 1969, a kan mutum 7 daga addinai da yankuna daban-daban da suka shiga gwagwarmayar ƙwato Goa daga hannun Fotugal, a yau an fi tuna shi don shi ne fim ɗin farko da Amitabh Bachchan ya fito. Do Boond Pani na 1971 kuma a kan ƙarancin ruwa ne a Rajasthan.

Dalilin wannan bambanci, a fahimtar mai bincike, shi ne Raj Kapoor yakan lulluɓe maganin Abbas da zuma. A Awaara akwai fitowar mafarki mai tsawon kusan minti 9, da rawa da gajimare da gumaka, wadda ba irin ta ɗan jarida mai ra'ayin gurguzu ba ce. Ita da waƙoƙin su suke kawo mutane, idan sun zauna sai su ji hujjar. Idan Abbas ya riƙe ragama shi kaɗai sai wa'azin ya rinjayi labarin. Amma zumar ma takan yi yawa. Bayan Mera Naam Joker na 1970, mai tsawon fiye da awa 4, ya faɗi a kasuwa ya jefa Raj Kapoor cikin bashi, sai suka yi Bobby a 1973, soyayyar ɗan attajiri Bahindu da 'yar masunci Kirista. Tazarar mai kuɗi da talaka tana nan a cikin labarin, amma ta zama shingen soyayya kawai, kuma an warware ta da iyaye biyu sun faɗa ruwa sun ceto 'ya'yansu sun shirya. Wannan zubi na Bobby, wato masoya biyu da iyaye masu hana ruwa gudu, shi ne wanda finafinan Hausa na bidiyo da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990 suka fi kama da shi. Zubin Awaara, inda ake sa mai mulki ya amsa tambaya, bai sami magada da yawa ba a wajenmu. Za a dawo kan wannan a babi na huɗu.

3.5 Shari'arsa da Hukumar Tace Finafinai

A 1968 Abbas ya shirya wani gajeren fim na gaskiya mai suna Char Shehar Ek Kahani, wanda ya jera rayuwar masu kuɗi da ta talakawa a manyan biranen Indiya 4. A ciki akwai ɗan wuri da kyamara ta ratsa unguwar karuwai a Bombay. Hukumar tace finafinai ta ce manya kaɗai za su kalla, sai fa idan ya yanke wurin. Ya ƙi, ya kai ƙara Kotun Ƙoli. Ana cikin shari'a gwamnati ta janye, ta yarda a ba shi takardar da kowa zai kalla ba tare da an yanke kome ba. Wani da ya tsaya nan. Shi kuwa sai ya gyara ƙararsa, ya ce abin da yake ƙalubalanta yanzu shi ne tace fim kafin a nuna shi ɗungurungum, tun da ba a yi wa littafi ko jarida haka.

Kotun, ƙarƙashin Babban Joji Hidayatullah, ta yanke hukunci a 1970. Ba ta ba shi gaskiya a kan babbar buƙatarsa ba. Ta ce fim yana motsa zuciya fiye da rubutu, saboda ya haɗa hoto da motsi da sauti, don haka tsarin mulki bai hana a tace shi ba. Amma ta ce dole ƙa'idojin tacewa su kasance a bayyane, kuma nuna wani mugun abu da yake cikin al'umma ba daidai yake da tallata shi ba, abin dubawa shi ne yadda aka nuna shi.

Abbas ya ci gaba da aiki har cikin rashin lafiyarsa ta ƙarshe. Fim ɗinsa Ek Aadmi ya fito a 1988, bayan rasuwarsa. Labarin ƙarshe da ya bar wa Raj Kapoor shi ne Henna, a kan wani mutumin Indiya da kogi ya kwashe ya tsallaka da shi Pakistan, inda wata yarinya Musulma ta yi jinyarsa. Raj Kapoor ya rasu a 1988 bai kammala shi ba, ɗansa Randhir Kapoor ne ya ƙarasa, aka fitar da shi a 1991.